Kafin a Ja Igiya

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ga takardar da dillalai suka zana maka. Wato dai gonar mahaifinka ta bayan Ɗanbare, Allah ya jiƙansa, gari ya cim mata, ku magada kun tsayar da shawara a yanka ta fulotai a sayar. Ba zan hana ku ba. Gonar da bulo ya kewaye gabas da yamma ta tashi daga gona, ko kun shuka gero awakin maƙwabta ne za su girbe muku. Ina saurayi, in mutum ya fita ta Kabuga ya miƙi hanyar Gwarzo, ban da ɗorawa da karan dawa babu abin da zai gani. Yau Rijiyar Zaki da muke kira ƙauye ta koma cikin gari. Jama'a na ƙaruwa, kowa kuma na neman inda zai sa haƙarƙarinsa.

Takardar ce ta sa na ɗauki biro. Na shimfiɗa ta a tabarma, na sa tabarau, na ga fulotai reras kamar an jera sabulu a kwali. Sai na ɗora yatsa a kan na can ƙuryar arewa, na ce to ni ne tsohon da ke wannan gida, ga shi an kira magariba, bari in nufi masallaci. Na bi layin da yatsa har ya ƙare, ban tarar da masallaci ba. Na ce to bari a aiki yarinya markaɗe. Babu inda za ta nufa sai bakin kwalta, bakin kwaltar kuwa ka fi ni sanin nisansa. Wanda ya yi zanen nan kuɗi ya ƙirga, bai ƙirga taku ba.

A Yakasai aka haife mu, ni da mahaifinka. Babanmu har ya koma ga Allah bai mallaki ko keke ba, kuma ban taɓa jin ya ce wani wuri ya yi masa nisa ba. Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ƙafa yake zuwa ya dawo cin abincin rana. Masallacin Juma'a na ƙofar fada da ƙafa. Asibitin birni da yanzu ake kira Murtala, da filin Idi, da karofin Ƙofar Mata, duk da ƙafa. Mu kuma makarantar allo tana zaure na uku daga namu, mai ƙosai tana bakin lungu, wanzami yana gindin durumi. Lungunan nan da baƙo ke ɓata a ciki, kusan kowanne yana ɓullewa wani, don haka duk inda za ka akwai yanke. A hanya kuma sai ka gaisa da mutum ashirin kafin ka isa: wannan yana kan dakali, wancan yana ɗinkin hula a ƙofar soro. Wanda bai fito sallar asuba ba kwana biyu, kafin hantsi an leƙa shi. Da Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, ba adon magana suka yi ba, yadda garinsu yake suka faɗa.

Kada ka ɗauka tsufa ne ya sa nake wa cikin birni kirari. Na san warin kwata, na san lungun da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace, na ga gobarar da motar kwana-kwana ta tsaya daga nesa ana kallo don babu mashiga. Ba wannan nake so ka kwaikwaya ba. Kusancin nake so ka ɗauko, ka bar cunkoson.

Ni kaina sai da na sha kafin na gane. Da na yi ritaya na haɗa ɗan abin da na samu na sayi gida a wani sabon rukunin gidaje a bayan gari, mai get da mai gadi, titi shimfiɗe, ko'ina tsit. Na ɗauko kakarka daga Yakasai ina ganin na gama mata gata. Wata uku ta yi. Kullum tana zaune a tsakar gida tana kallon katanga, babu mai sallama, babu yaron da zai shigo da tallan gyaɗa, babu gidan suna ko gaisuwar da za ta yafa mayafi ta taka. In tana son ganin ƙanwarta sai ta jira na dawo da mota. Rannan ta kira ni ta ce in mayar da ita inda in ta yi tari wani zai ce mata sannu. Na mayar da ita ɗakinta na ƙasa, ta warware kamar an ba ta magani. Ni kuma da likita ya ce hawan jinina na son tafiyar ƙafa kowace safiya, sai na tarar unguwar tawa babu inda tafiya za ta kai ni. Mutum ya yi ta zagaya katangun mutane a rana ba shi da wurin zuwa, ai sai a fara tambayar ko lafiya.

Masu zana irin takardarka suna ɗauka kowa na da abin hawa, ko kuwa abin hawa zai dawwama da araha. Ka tuna watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano. Unguwannin da babur ne kaɗai ke shiga cikinsu, dare ɗaya suka koma kamar tsibiri, sai da 'yan adaidaita sahu suka yawaita aka numfasa, su ma in damina ta kankama akwai layin da ko ka ninka musu kuɗi ba za su shiga ba. Ka kuma tuna 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta tsallake dubu. Na ga manyan ma'aikata sun lulluɓe motocinsu da tamfol. A lokacin ne aka san unguwar kirki: wadda yaro zai taka zuwa makaranta, uwa ta taka zuwa kemis, ba a cire kuɗin mota daga kuɗin cefane ba. Mutanen da za su sayi fulotanka irin waɗannan ne, malamin firamare, tela, ɗan kasuwar Kwari mai tebur ɗaya. Ko wanda ke da mota a cikinsu, da safe zai fice da ita, ya bar mata da yara da tsofaffi, su ne kuwa masu unguwa tun daga hantsi har magariba, kuma ƙafa ce abin hawansu.

Gwamnati ma da ƙarfinta ta ga haka. Dubi Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015, gidaje na gani na faɗa, tituna da fitilu, amma aka ɗauki shekaru da yawansu babu kowa a ciki. Dalilan suna da yawa, akwai tsada, akwai masu saye don ajiya. A nawa ganin dai har da wannan: gini ba ya zama unguwa sai akwai abin da zai fito da mutum ƙofar gida.

To bari mu koma kan takardarka, ka ɗauko fensir. Dogon layin nan na tsakiya, fuloti 20 ne a jere, kowanne ƙafa 50, ka ga ƙafa 1,000 ke nan babu mahuda, ga wani jerin a bayansa sun haɗa baya. Mutumin da ke tsakiya, katanga ɗaya ce tsakaninsa da maƙwabcinsa na baya, har suna jin ƙamshin miyar juna, amma in zai je yi masa barka sai ya tafi ƙafa 500 zuwa ƙarshen layi, ya karya kwana ƙafa 100, ya sake dawowa 500. Yanzu ka huda tsakiyar da 'yar hanyar ƙafa mai faɗin ƙafa 10. Me ka rasa? Rabin ƙafa daga faɗin kowane fuloti. Rabin ƙafa fa, bai kai tsawon tafin hannunka da yatsu ba. Dillali zai ce maka asara ce, domin shi la'adarsa a kan abin da aka sayar take, hanya kuwa ba a sayar da ita. Shi in ya karɓi la'ada ya tafi wata gonar. Kai ne za a riƙa kiran unguwar da sunan gidanku.

Manyan layukan kuma na ga an ba su ƙafa 15. Malamai suna kawo hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in an yi jayayya kan faɗin hanya a bar zira'i bakwai, wato mita uku da 'yan kai. Wannan a zamanin raƙumi da kayansa ke nan, kuma ko a lokacin an san hanya tana da haƙƙi. Kai tifar yashi za ta shiga naka layin, da tankar ruwa, da kurar 'yan garuwa, ga lambatu dama da hagu zai ci nasa. Sannan ka san halinmu: wannan zai fito da dakali, wancan zai haƙa masai a waje, wani ya turo matakalar shago. Ƙafa 15 a takarda, bayan shekara biyar ƙafa 9 ce. In mota ta shigo, yarinya mai ɗauke da robar markaɗe sai ta manne da bango ko ta faɗa kwata. Babban layi kada ya gaza ƙafa 40, ƙananan 30, kuma ka kafa duwatsun iyaka da siminti tun kafin a sauke bulo na farko. Akwai ma'aunin da babanmu ke auna lungu da shi, ban manta ba: a ɗauko makara, mutane na gefe da gefe suna karɓa-karɓa, su wuce ba tare da an karkata mamaci ba.

Na san abin da za ka ce, domin ƙaninka ya riga ya faɗa mini a waya: hanya mai ɓullewa ita ce hanyar ɓarawo, ga masu ƙwacen waya, ga 'yan daba, gara layi mai baki ɗaya a sa masa get. Tsoron nan ba na banza ba ne, kuma ban raina shi ba. Amma ka lura da inda ake tare mutane. Ba a ƙofar mai shayi ake yi ba, ba a gaban masallacin da dattawa ke zaune ba. A bayan dogayen katangu ake yi, inda babu ƙofa babu taga, inda in ka yi ihu bango ne zai amsa maka. Don haka 'yar hanyar da na ce ka huda, ka yi ta miƙaƙƙiya, wanda ke wannan baki ya hango wancan. Fulotan da ke bakinta ka sayar wa masu niyyar fitar da shago, a kafa fitila mai aiki da hasken rana. Idon mutane ya fi kwaɗo tsaro, shi kuwa ido ba ya zama inda babu abin zama.

Shi ya sa nake roƙonka fuloti huɗu a tsakiyar gonar, ba a gefen da kowa ya ƙi ba. Masallaci da 'yar Islamiyya a jikinsa, rijiyar burtsatse, da fili a gindin tsamiyar nan da mahaifinka ke hutawa in ya gaji da noma. Kada a sare ta. Ɗorawoyin da suka faɗo a kan layi ma a bar su, a kuma dasa darbejiya tun bana, domin a watan Afrilu, rana na dukan ƙwaƙwalwa, tafiyar minti biyar babu inuwa ta fi ta rabin awa a inuwa wuya. Filin nan shi ne wurin ɗaurin aure da zaman makoki, nan yara za su yi ƙwallo, nan mai ƙosai za ta kafa kaskonta. In babu shi, layi za a riƙa toshewa da rumfa duk ranar Asabar. Ka zauna da 'yan'uwanka mata ka yi musu bayani da lalama, domin haƙƙinsu ne, ba a yin sadaka da gadon wani sai da yardarsa. In sun amince ku yi wa mahaifinku sadaka mai gudana da shi, kuma a rubuta, mai unguwa da dagaci su sa hannu. Filin da aka bari da baki kawai, wata rana wani jika zai wayi gari ya ce bai san zancen ba.

Kwarin da ke kudu, inda ruwa ke kwanciya da damina, na ga an zana fuloti uku a kansa. Goge su. Kududdufan cikin birni da aka yi ta cikewa ana gini, ruwan bai fasa zuwa ba, ɗakunan mutane ya koma. Ruwa ba ya manta hanyarsa, kuma layin da ya zama tafki wata uku a shekara ba layi ba ne ga mai tafiya a ƙasa.

Sai maganar hukuma. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, awon igiya kuma komai kyansa bai zama awon gwamnati ba. Ka nemi safiyo na gaskiya, ka kai zanen hukumar tsara birane, KNUPDA, a duba ko akwai titin da aka tsara zai ratsa wurin, a haɗa layukanka da na gonakin maƙwabta don kada naka ya je ya ci karo da bangon wani. Za ka sha zirga-zirga, za ka kashe kuɗi, masu saye za su yi ta matsa maka. Ka daure. Ya fi a ce bayan shekara goma an shafa wa gidan marayu jan fenti, ana nuna ka da yatsa a masallaci.

Kada ka sa hannu a komai tukuna. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan zo bayan la'asar, ka ajiye motarka a bakin kwalta, mu shiga gonar da ƙafa ni da kai da sandata. Ka zo da ƙaramar 'yarka ma. Duk inda ka ga na tsaya ina haki, ko ita ta ce a ɗauke ta, ka kafa turke a wurin. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata zumar da ta aiko ta iso.