Amsoshin Tambayoyinku: Sirrin Santsin Kirim a Kan Gato

Wata mai sauraronmu daga Jiratawa ta ce in ta shafa wa gaton biki kirim, sai ya fito da ramuka da burbushi. Yaya za ta yi?

To Malama, babban abokin gabarki zafin Maradi ne. Bota na fara narkewa tun wajen digiri 32, alhali a Afirilu mukan haura 40. Don haka ki yi aikin da asuba, ko ki haɗa bota da margarin, ya fi jure zafi, ko da yake bai kai ta daɗi ba.

Ki tankaɗe garin sukari giram 500, ki zuba a hankali kan bota giram 250 mai laushi. In ya haɗu, ki riƙa danna shi da cokalin katako, iskar da ke haddasa ramuka ta fita.

Kada ki shafa wa gato mai ɗumi. Fara da shafi siriri ya kame burbushin, sa a firigo minti 20, sannan shafi na biyu mai kauri. Sai ki tsoma faffaɗar wuƙa a ruwan zafi, ki goge ta tas, ki dafa ta a gefen gaton kina juya farantin, hannunki a tsaye.