Ofishin lauya: yadda kwamfutoci za su yi aiki da takardu ɗaya

Tambaya: Mu huɗu ne a ofis, lauyoyi biyu, sakatariya da akawu. Kowa da kwamfutarsa, takardu kuma sai a filashi. Kwanan nan aka kai kotu da tsohon kwafin takardar rantsuwa wanda ba a gyara ba. Mun sayi manhajar tsara takardun shari'a, yaya za mu yi kowa ya yi aiki da ita?

Amsa: Barista, manhaja ita kaɗai ba za ta raba ku da wannan ba muddin takarda ɗaya tana da gidaje huɗu. Ku ware kwamfuta ɗaya ta zama ma'ajiya, wadda ba mai kallon fim ko shiga Facebook a kanta. Can za a girka rumbun bayanan manhajar, sauran kwamfutocin su riƙa ɗauka suna mayarwa. Windows 11 Pro tana karɓar na'ura har 20 a lokaci guda, ta ishe ku. Amma ku duba lasisin da kuka saya tukuna, domin da yawa na mutum ɗaya ne, idan na biyu ya shiga sai ta rufe masa ƙofa.

Ku ja waya daga ma'ajiyar zuwa rauta. Na nace a kan wannan. Idan Wi-Fi ya tsinke daidai lokacin da sakatariya ke adana yarjejeniyar haya, rumbun na iya lalacewa, ba kuwa za ku sani ba sai ranar da fayil ya ƙi buɗewa. Ɗauke wuta ma ɓarnar da yake yi ke nan, don haka ma'ajiya da rauta su zauna a kan UPS, ko da na minti goma ne, a samu a kashe su cikin natsuwa kafin a tada janareta.

Kowa ya samu sunansa da kalmar sirrinsa. Akawu ba ruwansa da fayil ɗin rikicin gado, idan kuma kuka samu ɗan bautar ƙasa, ya iya karantawa amma kada ya iya gogewa. Sirrin wanda kuke karewa amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a ranar za a rufe asusunsa.

Sai kwafin ajiya. Kowace yamma a kwashe komai zuwa faifan waje, a cire shi daga jikin kwamfutar, domin ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa tana bin duk abin da ke jone. Faifai biyu za ku saya, a sa musu makulli na BitLocker, ɗaya ya riƙa kwana a gidan babban lauya. Duk ƙarshen wata a ɗauko tsohon fayil daga ciki a buɗe, a tabbatar yana aiki.