WUTAR SOLA A GIDA: SHIN DOLE NE RUFI YA FUSKANCI KUDU?

Jama'a da yawa a ƙasar nan sun koma ga hasken rana domin samun wutar lantarki a gidajensu. Amma akwai wata magana da ke yawo, wai muddin rufin gida bai fuskanci kudu ba, to, sa faifan sola asarar kuɗi ce. Saboda wannan magana waɗansu sun fasa, waɗansu kuma sun kashe kuɗi mai yawa wajen gyaran rufin da ba ya bukatar gyara. An shirya wannan darasi ne domin a bayyana wa mai karatu gaskiyar al'amarin.

1. Inda maganar ta samo asali

Wannan ƙa'ida daga ƙasashen Turai da Amurka ta zo, kuma a can gaskiya ce. Birnin Landan na Ingila yana wajen digiri 51 arewa da layin da ya raba duniya biyu, watau ikwaita. A can rana ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar kai. Kullum ta kudu take bi, har ma a watan Disamba wajen digiri 15 kawai take kaiwa daga ƙasa ko da tsakar rana. Don haka rufin da ya dubi gabas ko yamma yakan yi asarar abin da ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na wutar da zai bayar a shekara.

Nijeriya kuwa tana tsakanin digiri 4 da 14 ne kawai. A Kano rana takan tsaya daidai tsakiyar kai sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta. A Legas kuma farkon Afrilu ne da farkon Satumba. Tsakanin waɗannan ranaku biyu, rana ta arewa take bi. Mai shakka ya kafa sanda a tsakar gida cikin watan Yuni, ya duba da tsakar rana. Zai ga inuwarta ta faɗi kudu. In ya sake dubawa a Disamba, zai ga ta koma arewa.

Abin lura a nan shi ne, watannin da wutar sola ta fi ƙaranci a ƙasarmu su ne Yuli da Agusta, saboda gizagizan damina. A lokacin kuwa rana tana arewa ko tsakiyar kai. Ashe ke nan karkata faifai kudu ba ya taimakon mai gida a daidai lokacin da baturansa suka fi jin yunwa.

2. Kowane rufi da halinsa

Kudu ita ce ta ɗan fi in an haɗa lissafin shekara duka, amma ratar kaɗan ce muddin rufin ba shi da tsananin gangara. Gangarar digiri 10 zuwa 15 ita ce ta dace da yawancin ƙasar nan. Kada a shimfiɗa faifai kwance sarai, domin ruwan sama ba zai iya wanke ƙurar da ke kansa ba.

Rufin gabas yana fara aiki da sassafe, ya soma cika batirin da aka kwana ana sha. Rufin yamma yana ba da ƙarfinsa daga azahar zuwa la'asar, lokacin da zafi ya tsananta, fanka da firji suka fi jan wuta. Wanda rufinsa ke da gefe biyu, gabas da yamma, yana iya raba faya-fayan gida biyu, ya sami wuta tun safe har yamma. Sai dai lalle ne kada a ɗaura na gabas da na yamma a jeri guda, gama wanda ke cikin inuwa zai danne ƙarfin ɗan'uwansa. Kowane gefe a ba shi layinsa da na'urar daidaita caji tasa, wadda masu sana'ar ke kira kwantirola.

Rufin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai tsini, irin wanda ake yayi yanzu, musamman in ya dubi arewa, domin a Disamba da Janairu rana za ta ba shi baya. Mai irin wannan gida ya sa a ƙera masa firam na ƙarfe a kan shago, ko rumfar mota, ko a fili cikin gida.

3. Abokan gaba na ainihi

Abubuwa uku sun fi kuskuren fuskar rufi ɓarna. Na farko inuwa. Reshen darbejiya, ko tankin ruwa, ko benen maƙwabci, in ya rufe ɓangaren faifai ɗaya, yana iya rage ƙarfin jerin gaba ɗaya. Na biyu ƙurar hunturu. A riƙa wanke faya-fayai da ruwa da tsumma mai laushi, da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi. Na uku zafi. Ana auna ƙarfin faifai ne a zafin digiri 25, kuma duk sa'ad da ya zarce haka ƙarfinsa raguwa yake yi. Saboda haka a bar sarari tsakaninsa da kwano domin iska ta ratsa.

4. Lissafin batir

Batir kamar randa yake. Bai damu da ko ta gabas aka cika shi ko ta yamma ba, abin bukata dai ya cika kafin magariba. Ga misali. Mai gida yana kunna ƙwai 6 masu wat 10 na awa 5, watau 300. Fanka 2 masu wat 60 na awa 8, watau 960. Talabijin mai wat 60 na awa 4, watau 240. Jimla wat-awa 1,500 ke nan kowane dare.

Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400. Amma in na dalma ne, irin mai ruwa, ba a so a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. To, 1,200 ke nan, bai isa ba, sai an sa biyu. Batirin litiyam kuwa ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa, kuma ya fi daɗewa, ko da yake ya fi tsada.

Wajen cika shi, faifai mai wat 400 in ya sami awa 5 na cikakkiyar rana zai ba da 2,000. In aka cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya da inbata, saura 1,500. Wannan daidai wa daida ne, babu rarar ranar hadari. Don haka wannan gida faifai biyu ya kamace shi, mazauna kudancin ƙasa kuma, inda gizagizai suka fi yawa, su ƙara a kan haka. Sau da yawa ƙarin faifai ɗaya ya fi sauƙin kuɗi bisa ga sake fasalin rufi.

5. Gargaɗi

A nemi ma'aikacin da ke da takardar shaidar hukumar NEMSA, a kuma guji kayan jabu da hukumar SON ba ta amince da su ba. Wajibi ne a sa fis tsakanin batir da inbata, da makunnin canji wanda zai hana wutar gida komawa layin kamfani ta halaka ma'aikacin da ke kan turke. Batirin dalma a ajiye shi inda iska ke shiga, nesa da wuta da yara. In ya mutu kada a fasa shi a gida, gama dalma guba ce, a mayar wa dillali.

Ya kai mai gida, kafin ka biya ko kwabo, ka dubi rufinka da safe, da tsakar rana, da la'asar, ka ga inda inuwa ke faɗuwa. Sa'an nan ka rubuta abin da kake kunnawa da dare, ka yi lissafinsa kamar yadda aka nuna a sama, ka tafi da takardar wurin ma'aikaci.