Motsa Jiki Mai Sa Haki

Ɗan dako da ya sungumi buhun gero a kasuwar Gummi ya yi aikin ƙarfi, amma na ɗan lokaci ne, damtse da gadon baya kawai suka amfana. Wanda ya taho kasuwar daga ƙauye a kan keke, ya yi rabin awa yana taka feda, shi ne ya ba zuciya da huhu aiki. Irin wannan motsa jiki ake so mutum ya gane, wato wanda ke ɗaukar lokaci ba tsayawa, yana sa numfashi ya ƙaru, zuciya ta riƙa bugawa da sauri.

A Anka da Bukkuyum ba sai an je neman sa ba. Tafiya gona da sauri, huɗa, jan guga a rijiya, tuƙa kwalekwale, iyo a gulbi, ƙwallo da langa duk suna ciki. Haka ma daka. Mace biyu a kan turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya waccan ta sauke, ba a jima ba gumi ya tsattsafo a goshi, hira ta fara yankewa. Sai dai injin niƙa da babur sun rage wa mutane da yawa wannan motsi, shi kuwa yawan zama na jawo hawan jini da ciwon suga.

Ana gane ƙarfin aikin daga baki. In mutum na iya magana amma waƙa ta gagare shi, aikin matsakaici ne. In kalma biyu uku kawai yake fitarwa sai ya ja numfashi, ya yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaici a mako, ko minti 75 na mai tsanani. Rabin awa a kwana biyar ya cika lissafin.

Dakan dutsen zinariya kuwa daban yake da dakan hatsi, ko da yake shi ma yana sa haki. Mai haki a cikin ƙurarsa gubar dalma yake shaƙa, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 a garuruwa irin su Dareta, Bagega da 'Yargalma.

Mai hawan jini da mai juna biyu su fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin aiki, ya tsaya nan take, ya nufi asibiti.