Kafin ka cire Windows ɗinka saboda tsohon gem

Kwanakin baya wani bawan Allah ya shigo shagona da laftof sabuwa fil, ko ledar murfinta bai gama ɓarewa ba. Ya ce, "Injiniya, so nake ka cire min Windows 11 ɗin nan ka sa min Windows 7." Na tambaye shi laifin da ta yi masa. Sai ya ɗan sosa ƙeya, ya ce Vice City ne ya ƙi tashi, kuma tun yana sakandare yake buga shi. Na ce, "Alhaji, zauna ka sha ruwa tukuna." Kafin ya shanye ledar ruwan gem ɗin ya tashi, Windows ɗinsa tana nan yadda take.

Abin da na yi ba wani siddabaru ba ne. Vice City ya fito a kwamfuta a 2003, kuma yana neman wani tsohon ɓangare na Windows mai suna DirectPlay. Microsoft ba su jefar da shi ba, kashe shi kawai suka yi. Ka rubuta Windows Features a wurin bincike, ka buɗe, ka gangara zuwa Legacy Components, ka sa wa DirectPlay alama. Shi ke nan. Da na biye wa Alhaji, da ya tafi gida da Windows 7 wadda Microsoft suka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, wadda Chrome ma ya yi sallama da ita a farkon 2023, kuma da wuya a samu direbobin sabuwar na'ura da za su yi aiki a kanta. A irin haka ne garin neman gira ake rasa ido.

Abin da shekarun aikin nan suka koya min shi ne, tsohon gem ba ya ƙin tashi haka kawai. Akwai abin da ya saba samu a gidan da aka haife shi, ya zo sabon gida bai tarar ba. Aikinka ka gano mene ne. Shi ya sa tambayata ta farko kullum ita ce shekarar da gem ɗin ya fito.

Idan na zamanin DOS ne, irin su Dave da Prince of Persia da muka riƙa bugawa a ɓoye a makarantun koyon kwamfuta, ko Doom na 1993, to kada ka wahalar da kanka da saitin Windows. Windows mai bit 64 ba ta iya tafiyar da manhaja mai bit 16 da kanta, kuma Windows 11 gaba ɗayanta bit 64 ce. Maganin waɗannan DOSBox ne, manhaja ta kyauta da take nan tun 2002, wadda take kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. Ka ja fayil ɗin gem ɗin ka ɗora a kan alamar DOSBox, zai buɗe. In gudun ya yi yawa ka danna Ctrl da F11, in ya yi nawa Ctrl da F12. Waɗanda suka fi tsufa su ne ma suka fi sauƙin sha'ani.

Masu ba mu ciwon kai su ne na tsakiya, daga Windows 95 zuwa XP. Wani gem ɗin kansa lafiyarsa ƙalau, amma manhajar da ke girka shi ce mai bit 16, sai ka danna setup ka ga shiru. A nan wani lokaci kwafo folda ɗin gem ɗin kai tsaye daga faifai yana wadatarwa, wani lokaci kuma sai an nemi taimakon wata ƙaramar manhaja mai suna winevdm. Wani kuma zai tashi amma launukansa su rikice, ciyawa ta koma ruwan hoda, saboda da launi 256 kacal aka gina shi. Ka danna dama a kan fayil ɗin, ka shiga Properties, sannan Compatibility, ka zaɓi Windows 98 ko XP, ka rage launin. Akwai kuma waɗanda aka yi domin katin hoto na kamfanin 3dfx, kamar Need for Speed II SE na 1997, alhali kamfanin ya sayar wa Nvidia kadarorinsa tun ƙarshen 2000. Su dgVoodoo 2 nake sa musu, ita ce tafintar da ke juya tsohon yaren hoto zuwa wanda sabon kati yake ji. Sannan wata 'yar dabara da take kashe rabin matsala: kada ka girka tsohon gem a cikin Program Files. Tun daga Vista, Windows ba ta barin manhaja ta yi rubutu a wurin yadda ta ga dama, su kuwa tsofaffin a cikin folda ɗinsu suke ajiye inda ka tsaya. Ka buɗe musu folda daban a C.

Sai maganar gudu, wadda mutane ba su cika yarda da ita ba sai sun gani. Wasu wasannin sun ɗaure motsin abubuwa da yawan hotunan da allo ke nunawa a daƙiƙa. An tsara Vice City da San Andreas a kan hotunan da ba su wuce 30 ba. Yaro zai kashe Frame Limiter don ya ga gem yana sulɓi, sai ya dawo yana ƙorafin CJ, jarumin San Andreas, ya kasa iyo, yana ta dannawa amma kamar an riƙe masa ƙafa. Ba kwamfutar ce ta gaza ba, ƙarfinta ne ya yi wa gem ɗin yawa. Ka mayar da Frame Limiter.

Labarin da ya fi burge ni a wannan fanni na San Andreas ne. Da Windows 11 ta samu sabuntawar 24H2, sai 'yan wasa suka lura wani jirgin sama mai sauka a ruwa, Skimmer, ya ɓace daga gem ɗin. Kowa ya ɗora wa Microsoft laifi. A 2025 mai gyaran tsofaffin wasanni da aka fi sani da Silent ya bi diddigi, ya gano kuskuren na gem ɗin ne tun asali. A Vice City jirgin ruwa aka ɗauki Skimmer, da aka mayar da shi jirgin sama a San Andreas sai aka manta ba a cike masa wasu lambobi a fayil ɗin ababen hawa ba. Shekara kusan 20 gem ɗin yana tsintar ragowar lambobin motar da ta gabace shi a jeri yana rufa wa kansa asiri da su, har ranar da Windows ta sauya yadda take amfani da gurbin da ragowar lambobin suke zama. Gyaransa yana cikin SilentPatch, kuma ba na sakin San Andreas daga shagona ba tare da na sa shi ba.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Saƙon da aka fi kawo min shi ne na ɓatan fayil, d3dx9_43.dll ko msvcr100.dll. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su rubuta sunan a Google, su sauke fayil ɗin daga shafin farko da ya fito. Kada ka yi. Na farkon yana cikin kunshin DirectX na Yunin 2010, na biyun kuma yana cikin Visual C++ na 2010, dukansu kyauta ne a shafin Microsoft. Ka ɗauki na bit 32, wanda aka rubuta wa x86, ko da Windows ɗinka bit 64 ce, domin gem ɗin ne ke buƙata ba Windows ba. Wannan kuskuren kaɗai ya sa mutane da yawa sun ce sun girka amma bai yi ba.

Haka batun faifai. Wanda yake da na asali zai iya tarar da shi ya ƙi aiki, saboda makullin hana kwafi irin su SafeDisc, wanda Windows 10 ta ƙi karɓa, kuma a Satumbar 2015 aka kashe shi a Vista da 7 da 8 saboda ƙofa ce da ɓarayi za su iya bi. Mu a nan, gaskiya, yawancin abin da ke hannunmu daga fulash ɗin aboki ya fito, kowa ya san haka. To daga nan ake zarcewa neman kirak, shafin kuma ya ce sai ka kashe antibairas. Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta taɓa kawo min laftof tana hawaye. Ƙaninta ya sauke wani gem da aka ce an matse shi ya dawo 'yan megabait, washegari duk fayilolinta suka ƙi buɗewa, har da furojet ɗinta, ga wata takarda a kowace folda ana neman ɗaruruwan daloli. Irin bairas ɗin nan ne da ake kira STOP Djvu, wanda ta hanyar kirak ya fi yaɗuwa. Babi biyu kawai muka ceto, su ma don ta taɓa tura wa malaminta ta imel. Ga wanda yake da katin da ke biya a waje, shagon GOG, da wani kamfanin Poland ya buɗe a 2008, yana sayar da tsofaffin wasanni an riga an gyara su, ba makulli, na DOS ma da DOSBox ɗinsu suke zuwa.

Idan duk an gwada gem ya kafe sai XP, akwai VirtualBox, inda za ka girka XP a matsayin baƙuwa a cikin Windows ɗinka ta yanzu. Yana yi wa wasanni marasa nauyin hoto daidai, masu nauyi kuwa sukan yi ta sarƙewa. Sharaɗina ɗaya ne, a cire mata intanet, domin tun Afrilun 2014 aka daina yi wa XP gyaran tsaro na yau da kullum.

In za ka zo wurin mai gyara, ka ɗauki hoton saƙon da ya fito a allo da wayarka, ka zo da shi. "Ya ƙi yi" ba ya gaya mana komai. Shi kuwa Alhaji, bayan sati ya dawo da jaka cike da faya-fayai, har da IGI da Road Rash. Mun tayar da duka in ban da guda ɗaya, wanda yaransa suka riga suka goge bayansa a kan siminti.