Darasi Na Tara: Idon Raga Da Fatar Kifi

Ɗalibi, idan ka tashi daga Yolde Pate ka je bakin Kogin Binuwai a Jimeta da sassafe, dubi ragar masunta kafin ka dubi kifinsu. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, ta 1992, ta hana su da guba ko nakiya ko lantarki. Ta kuma ce, ban da ragar wasu ƙananan kifaye, kada idon raga ya gaza milimita 76. Dalili shi ne, ƙaramar karfasa ta sami hanyar wucewa, ta girma, ta yi ƙwai.

To, yaya jami'i zai gane kifin da aka riga aka yanka? A Kalifoniya ta Amurka, mai fatsa a teku don nishaɗi, idan ya cire ƙayar wasu kifaye cikin jirgi, dole ya bar fata a jikin tsokar. Fatar ce ke nuna irin kifin. Mu nan aikin ya fi sauƙi, domin tarwaɗa da kanta take zuwa kasuwa, sau da yawa ma da ranta.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka ƙayyade idon raga?
2. Yi jimla da kalmar "fatsa".