Ba jabu ba ne, hita ce ke cinye batirinku

Duk hunturu sai an kawo mini ƙara iri ɗaya: an sayi batirin sola da kuɗi masu ciwo, bai shekara ba ya daina riƙe caji, sai a ce ai jabu ne. Jabu kam akwai shi a kasuwa. Amma galibi a banɗaki nake kama mai laifin, hita a tsome cikin bokiti tun asuba, an jona ta da inbata.

Mu yi lissafi. Batiri mai ruwa, mai bolt 12 da amfiya 200, abin da yake ɗauke da shi yunit 2.4 ne na wuta, kuma rabi kawai ya kamata a taɓa idan ana so ya daɗe. Ɗumama bokiti mai lita 20 daga sanyin asuba zuwa ruwan wanka yana cin wajen yunit 0.7. Wankan maigida da na uwargida kaɗai sun haye wannan rabin, yara ba su ma tashi ba, rana ba ta fito ba. A yi haka kullum, ina batiri zai kai labari? Dutsen guga ma haka, a bar shi sai hantsi, lokacin da farantan sola ke ba da wuta kai tsaye.

Masu haɗa sola su ma da laifinsu. Su karɓi kuɗi, su ɗaure waya, su tafi ba su tambayi kayan da gida zai kunna ba.

Ruwan zafi yana da na'urarsa daban: tanki ne da jerin bututun gilashi a kan rufi, rana ke dafa ruwan, babu batiri babu inbata, tankin kuma yana riƙe zafi har wayewar gari. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, aka kuma kai yunit ɗaya na wutar lantarki naira 225 ga 'yan rukunin A a Afrilun 2024, wannan tanki ya daina zama kayan ƙawa.

Sai dai a kiyaye: kada a zuba ruwan sanyi a bututun da ya wuni a rana babu ruwa, gilashin fashewa zai yi. A cika shi da sassafe ko da dare. Ruwan burtsatse mai gartsi yana tara farin ɓawo a ciki, sai an riƙa wankewa. Ƙurar hunturu kuwa a goge ta duk mako, a bututun da farantan duka.

Don Allah a zare hitar nan daga inbata yau.